Me ya sa kuturta ta kama geron da a da ba ta taɓa shi?

"Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Daura, ina kuma taɓa noma a gonarmu ta gado. Shekara biyar ke nan da na sayi ingantaccen irin gero. A damina ta farko da ta biyu kuturta ta yi wa maƙwabcina na gabas ɓarna, ni kuwa ko tushe ɗaya ban gani ba, alhali iyaka ce kawai tsakaninmu. Tun daga nan a rumbuna nake ɗibar iri. Bana sai ga ta a gonata, kan gero ya koma ganye cunkus. Shin shuka tana da garkuwar jiki ne kamar mutum? In tana da ita, me ya karya ta geron nawa? Wasu sun ce jinin irin ne ya tsufa, wasu sun ce takin zamani ne. Kuma ba za a iya yi wa shuka rigakafi ba, kamar yadda ake yi wa yara?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Tambaya uku ka ɗaure a dami ɗaya: ko shuka na da garkuwa, me ke karya ta, da ko ana iya ƙara mata ita daga waje. Amsar ta farko ita ce e, tana da ita, sai dai ba irin tamu ba. Jikin mutum yana koyo. Yaron da ya yi ƙyanda sau ɗaya, jininsa ya riƙe kamannin cutar har tsufansa. Shuka ba ta da jinin da ke yawo da mayaƙa, ba ta kuma da wannan hadda. Abin da za ta iya ganewa na cuta a rubuce yake cikin ƙwayar da ka jefa a rami, gado ne daga iyayenta. Daga nan sauran amsoshin biyu suke fitowa. Ban ga gonarka ba, kuma aikinmu na likitancin shuka ba ya yiwuwa sosai daga nesa, saboda haka abin da zan iya shi ne in shimfiɗa maka yadda abin ke aiki, sannan in faɗi wanda na fi zargi.

Wace ce kuturtar?

Yawancin cututtukan da ke cin amfanin gonarmu dangin fumfuna ne, ko hunhuna kamar yadda muke faɗi a nan Katsina, wato 'yan uwan abin nan da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana uku. Burtuntunar dawa tana cikinsu, da tsatsar alkama, da ɗigon da ke karkaɗe ganyen gyada tun kafin a cire ta. Jikinsu zare ne siriri da ido ba ya gani, suna kuma yaɗuwa da wata irin ƙura wadda ita ce irinsu.

Kuturtar gero, wadda masana ke kira Sclerospora graminicola, a kama da ɗabi'a fumfuna ce, amma a asali ba ita ba ce. Danginta su ne cutar da ta ruɓar da dankalin Turawa a ƙasar Ayalan daga 1845 har aka yi yunwa. Na faɗi wannan ne don yana da amfani wajen zaɓen magani: wanda ke kashe fumfunar gaskiya ba lalle ne ya taɓa ta ba. Amma ta fuskar yadda shuka ke kare kanta, dokar ɗaya ce.

Irin da take yaɗuwa da shi kashi biyu ne. Akwai mai kaurin ɓawo wanda ke taruwa cikin busasshen ganye da kuturun kan geron nan da ka gani. Shi ne ke faɗawa ƙasa ya kwanta shekaru da dama yana jiran damina. Akwai kuma farin garin da ke fitowa a bayan ganye cikin dare mai raɓa, wanda iska da feshin ruwa ke kai wa tsiron da ke kusa, amma ba ya daɗewa da rai idan rana ta yi zafi. Cutar tana shiga tun gero yana ƙarami, ta haura zuwa tsakiyar da ke fitar da sabon ganye ta zauna. Kan da ka gani ya koma ganye a watan Satumba, tun wajen noman firi aka gama da shi.

Ganuwa, sarkin ƙofa da dogari

Jikin shuka an gina shi da ƙananan ɗakuna da ake kira sel, kowane da bangonsa. Cikin kowane ɗaki akwai cikakken kundin gado, wato DNA, kuma kundin an kasa shi babi-babi. Kowane babi shi muke kira ƙwayar gado, kuma yawanci umarni ne na ƙera furotin guda mai aiki guda. Da aka karanta kundin gero gaba ɗaya a 2017, an ƙirga ƙwayoyin gado sama da 38,000. 'Yan ɗaruruwa daga cikinsu aikinsu tsaro ne kawai.

Tsarin tsaron ya yi kama da na tsohon birnin Katsina. Da fari akwai ganuwa: kakin da ke kan ganye da bangon kowane ɗaki. Mafi yawan ƙurar fumfunar da ke sauka kan ganyen gero a nan take ƙarewa. Masu ƙwarewa ne kaɗai ke wucewa, wasu ta ƙofofin numfashin ganye, wasu da ƙarfin tsiya. Fumfunar da ke ƙona shinkafa tana tara matsin da ya ninka na tayar mota kusan sau 40 a wuri ɗaya, ta huda fatar ganyen.

Bayan ganuwa sai sarakunan ƙofa. Waɗannan furotin ne da ke zaune a fatar kowane ɗaki, suna sansanar abin da duk wata fumfuna ba ta iya rabuwa da shi. Misalin da aka fi sani shi ne kaitin, sinadarin da ke bangon jikin fumfuna, wanda kuma shi ne ke ɓawon fara da na ƙwaro. Shuka ba ta yin kaitin, saboda haka in ta ji shi ta san baƙo ya shigo. Masu bincike a Japan ne suka gano furotin mai jin sa a shinkafa a 2006. Da zarar ya ji, sai ɗakin ya yaɓa ƙarin bango daidai inda ake haƙa, ya kuma zubo guba.

Bari in ɗan ratse a nan, don wannan gubar kowa a ƙasar Hausa ya taɓa ganinta bai sani ba. Jan ɗigon da ke fitowa a ƙarmamin dawa inda cuta ta taɓa, ba jinin ciwo ba ne, makami ne da dawar ta haɗa a wurin nan take. Kuma dangin sinadarin nan ne ke ba karan dafi launinsa, wanda dukawa ke rina jar fata da shi tun kaka da kakanni. Karan dafi dawa ce da ke zuba wannan sinadari da yawa a kuben ganyenta ko babu cuta. Ranar da na fara fahimtar haka ina ɗalibi, na daɗe ina juya wani tsohon jan kuben wuƙa a hannuna.

To me ya sa cuta ke ci duk da haka? Domin fumfunar da ta ƙware a kan wata shuka ta zo da nata kayan aiki. Tana tura ƙananan furotin cikin ɗakin, wasu su toshe bakin sarkin ƙofa, wasu su katse saƙon da ya aika. An ga wata fumfunar tumatir da ke sakin furotin mai tsince gutsattsarin kaitin ɗinta kafin shuka ta ji su, kamar ɓarawon da ke tafe yana share sawunsa. Waɗannan 'yan aike su ne ƙarfin cuta, su ne kuma lagonta.

Lagon shi ne, a cikin ɗakin akwai dogarai, wato wasu furotin da kowanensu aka ƙera shi don gane ɗan aike guda ɗaya tak na cuta guda. Ƙwayoyin gadon da ke ƙera su ne masu kiwon iri ke nufi idan suka ce iri kaza yana ɗauke da ƙwayar juriya. Shinkafa tana da kusan 500, alkama ta haura 1,000 nesa ba kusa ba. Idan dogari ya cafke wanda ya sani, hukuncin mai tsanani ne: ɗakin ya kashe kansa. A 2019 masu bincike a ƙasar Sin suka ɗauki hoton yadda abin ke faruwa. Furotin biyar suna haɗuwa su yi zobe, su huda fatar ɗakin, ɗakin ya mutu. Duk wanda ya taɓa ganin gobara a unguwar bukkoki ya san dabarar: a sauke jinkar da ke kusa don wuta ta rasa abin ci. Kuturta da tsatsa ba sa rayuwa sai a ɗaki mai rai, saboda haka a nan suke mutuwa da yunwa. Ido ba ya ganin komai, ko ya ga ɗan ɗigo kamar kan allura. Mai gona kuma ya ce geronsa ba ya kamuwa.

Yarjejeniya ce ta ɓangare biyu

Tun kafin a san furotin ɗin nan aka gane cewa juriya gado ce. A 1905 wani masani a Kambirij ta Ingila, Rowland Biffen, ya aurar da alkama mai jure tsatsa da marar jurewa, ya ga cikin jikokinsu kusan ɗaya cikin huɗu ne ya gaji juriyar, lissafin da ke nuna ƙwayar gado guda ce ke riƙe da ita. Sai kuma Harold Flor a Amurka, daga shekarun 1940, wanda ya yi abin da ba a saba ba. Yana aiki a kan tsatsar shukar da ake zaren lilin da ita, sai ya aurar da shukar, ya kuma aurar da ita kanta fumfunar. Abin da ya gano shi ne ginshiƙin amsarka: duk ƙwayar juriya da ke jikin shuka tana da abokiyar gaminta a jikin cuta. Sai su biyun sun haɗu juriya ke aiki. In shuka na da dogari amma cutar ba ta ɗauke da ɗan aiken da ya sani, dogarin na nan lafiyarsa ƙalau, cuta kuma ta wuce ta gabansa. Sai a 1993 aka fara ciro irin wannan ƙwayar gado aka karanta ta, daga tumatir.

Ka ga ke nan kalmar "ya karye" da muke amfani da ita tana ruɗarwa. Sau da yawa ba abin da ya karye a jikin shuka. Kuturtar da ke ƙasar gonarka ba mutum ɗaya ba ce, al'umma ce, tana kuma aure tsakaninta, kowace damina ta haifar da sababbin haɗe-haɗe. A cikin miliyoyi za a sami 'yan kaɗan da suka yar da ɗan aiken nan ko suka sauya masa kama. A gonar tsohon iri ba su da wata fifiko. Amma ranar da ka cika gona da iri mai dogari guda, ka kashe musu kishiyoyi ka bar musu fili. Shekara ta farko ba ka gan su, ta uku ka ga tushe biyu ka ce ba komai, ta biyar su ne masu gida.

An sha ganin haka. Wata ƙwayar juriya da aka ɗauko daga hatsin rai, wani hatsi ɗan uwan alkama, aka sa wa alkama, mai suna Sr31, ta kare alkamar duniya daga tsatsar kara kusan shekara 30. A 1998 aka ga tsatsar da ta wuce ta a Yuganda, aka sa mata suna Ug99, ta bi Kenya da Habasha, ta tsallaka Yaman, ta kai Iran a 2007. Mafi kusa da maganarmu shi ne abin da ya sami geron Indiya. A ƙarshen shekarun 1960 suka fitar da geron aure, wato wanda aka haɗa daga iyaye biyu zaɓaɓɓu, mai yawan amfani, manoma suka rungume shi, kuma kusan duka uwa ɗaya suka haɗa, kowane tushe kamar ɗan uwansa. A farkon shekarun 1970 kuturta ta faɗa masa ta yi kaca-kaca da shi. Aka musanya da wani, bayan 'yan shekaru shi ma ya bi sahu. Wannan darasi ne ya sa a 2005 suka fitar da wani gyararren iri, HHB 67 Improved, wanda aka ƙara wa ƙwayoyin juriya ta hanyar bin alamomin DNA tun kafin tsohon ya faɗi gaba ɗaya.

Sarkin yawa

Akwai wata juriyar da ba ta da ban mamaki a ido, kuma ni a wurina ita ce ta talaka. Ba dogari ɗaya ke riƙe da ita ba, ƙwayoyin gado ne masu yawa, kowace ta kawo ɗan abin da ta samu: wannan ta ƙara kaurin bango, waccan ta hanzarta guba, wata ta rage wa cuta yawan ƙurar da za ta fitar. Shukar tana kamuwa, amma kaɗan, kuma a makare. Cuta ba ta iya tsallake wannan da sauya kama sau ɗaya, sai ta sauya abubuwa da yawa a tare, abin da ke da wuya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Tsofaffin irinmu na gida, su zango da maiwa, da irin wannan suke rayuwa, shi ya sa kusan kowace shekara za ka ga 'yan kutare a cikinsu amma da wuya gonar ta tafi duka. Gero a yankinmu na Sahel aka fara nomansa sama da shekara 4,000 da suka wuce, kuma kuturtar Afirka ta Yamma an shaide ta da zafi da yawan launi. Wani bincike da aka buga a 1995 ya gwada zuriyar gero ɗaya da kuturtar Najeriya, Nijar, Senegal da Indiya, ba a sami yanki ko ɗaya na kundin gadon da ya yi aiki a kan duka huɗun ba. Iri mai juriya, in ba a faɗi a ina ba, rabin magana ce.

Akwai ƙwayoyin gado ɗaiɗai da suka daɗe ba su faɗi ba, kuma abin lura shi ne ba dogarai ba ne. Lr34 ta alkama ta kai kusan shekara 100 tana rage tsatsa iri-iri, ba ta hana ta gaba ɗaya. An ma gwada sa ta a dawa ta yi aiki. Ta sha'ir mai suna mlo ta fi ban sha'awa, domin rashi ne ya zama kariya. Akwai furotin a jikin sha'ir da farar fumfuna ke bukata kafin ta shiga. Irin da aka haifa babu shi, ƙofar a toshe take. An samo shi cikin sha'irin manoman Habasha, kuma manoman Turai sun fi shekara 40 suna cin moriyarsa. A 2014 aka kwaikwayi wannan rashi a alkama ta hanyar gyaran DNA.

Kada a ɗauka garkuwa kyauta ce. Shukar da ta cika tsaro tana biya da tsawo ko da ƙwaya, sha'irin mlo ma yakan yi ɗigo a ganye babu cuta. Kuma akwai fumfunar da gawa take ci, wadda kashe ɗaki gaba ta kai ta. A Amurka cikin shekarun 1940 an yaɗa wani hatsin doki mai jure tsatsa, sai wata fumfuna ta zo da gubar da ke tsokanar garkuwar da gangan, shukar ta kashe kanta, ita kuma ta zauna ta ci.

Gonarka

Abu uku ke iya kawo abin da ka gani, kuma suna iya haɗuwa. Ɗaya na riga na faɗa, wato kuturtar ce ta sauya. Na biyu shekarar ce: idan makonnin farko bayan shuka suka zo da ruwa a jere da raɓa da lumshi, ko iri mai juriyar kirki yakan nuna kutare. In kuwa bana dukan unguwarku ta fi kamuwa fiye da yadda aka saba, to a sa wannan a lissafi.

Na uku shi na fi zargi, saboda jumla ɗaya da ka yi: a rumbunka kake ɗibar iri, kuma iyaka ce kawai tsakaninka da gonar da ke kamuwa. Gero ba kamar gyada ko wake ba ne da ke auren kansu cikin fure. Kan gero yana fara fitar da farin gashin nan na mace kwana biyu ko uku kafin nasa bununin ya fito, saboda haka mafi yawan ƙwayoyin da ke kansa ubansu wani tushe ne, iska ce ta kawo shi. Iska kuwa ba ta san iyaka ba. Damina huɗu bununin maƙwabcinka, da na shibrar da ke gefen hanya, suna sauka a kan geronka, kana ɗaukar 'ya'yan kana mayarwa ƙasa. Sunan irin yana nan, amma abin da ke cikin buhun ya zama ruwa biyu. Masu cewa jinin iri ya tsufa sun hango gaskiya, sai dai ba tsufa ba ne, gauraya ce. Za ka iya gwada maganata: ka tuna yadda gonar take a shekarar farko, tsawo kusan ɗaya, kai kusan ɗaya, nuna lokaci ɗaya. In yanzu akwai dogo da gajere, mai gashi da marar gashi, wani ya nuna wani yana ciki, to irin ya gauraya. In kuwa gonar na nan sumul kamar da amma kutare sun yi yawa, zargi ya koma kan cutar, kuma wannan labari ne da ya kamata malamin gona na KTARDA, hukumar raya noma ta Jihar Katsina, ya ji, don ba kai kaɗai zai shafa ba.

Takin zamani ba ya haifar da kuturta. Yawan yuriya yana sa ganye ya yi laushi gona ta cushe, wanda ke taimakon cututtuka irin su ƙunar shinkafa, amma a jigawar Daura matsalar da na fi gani ita ce ƙarancin takin, ba yawansa ba.

Ni ma abin ya taɓa ruɗa ni. Yadda muke tantance iri shi ne mu shuka layukan gero mai saurin kamuwa makonni uku kafin na gwaji, don su cika filin da ƙurar cuta, sannan mu bi tushe-tushe muna ƙirga, sau ɗaya bayan wata guda, sau ɗaya idan ƙwaya ta fara kauri. Wata shekara ina sabon shiga na ga wani layi fes babu kuturu, na yi ta murna har na fara ba shi suna a zuciyata. Wani dattijon ma'aikacin fili da bai yi boko mai zurfi ba ya ja ni ya nuna mini layin mai saurin kamuwa da ke kusa, shi ma kusan fes yake. A wannan kusurwar ruwa ne bai zauna ba, cutar ba ta zo ba balle a jure ta. Da muka kai layin nawa wuri mai laima a damina ta gaba, ya kamu kamar kowa. Tun ranar nake rarrabe juriya da tsira. Dawar gida da ke fitar da kai bayan ruwa ya ɗauke tana tsira daga fumfunar ƙwaya ne saboda lokaci. Ka sa ta nuna cikin marka ka ga yadda za ta yi baƙi. A taka gonar dai ina ganin juriya ce ta gaske a farko, tunda cutar na gefenka shekara biyu ba ta shigo ba.

Batun rigakafi, da abin yi

Shuka tana da wani abu mai kama da shi. Idan cuta ta taɓa ganye ɗaya, saƙo yana zagaya sauran jiki ta hanyar wani sinadari ɗan uwan asfirin, sauran ganyen su zauna cikin shiri na 'yan makonni. Akwai magungunan feshi da ke tayar da wannan shiri, ana amfani da su a wasu ƙasashe kan kayan lambu masu tsada. Ga gero ba su biyan kuɗinsu, kuma ba abin dogaro ba ne a ce 'ya'ya za su gada. Rigakafin shuka na gaskiya a wurin mai kiwon iri ake yin sa, shekaru kafin buhun ya iso kasuwa. A ƙasar nan aikin gero da alkama yana hannun Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ta fitar da SOSAT da kowa ya sani, dawa da gyada da wake kuma suna hannun cibiyar Samaru ta Zariya, ICRISAT, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, tana tallafa musu daga Kano da Sadore kusa da Yamai. Hanyar da ake bi yanzu ita ce tara dogarai da yawa a iri ɗaya a kan tushen juriyar nan ta yawa, don cuta ta rasa ta inda za ta ɓullo.

Abin da ya fi kusa da allurar da kake nufi shi ne maganin wanke iri. Ka nemi mai ɗauke da metalaksil, irin su Apron Star, ka bi ma'aunin da ke jikin fakitin. Yana shiga jikin tsiro ya kare shi kusan wata na farko, wanda shi ne lokacin da kuturta ke yin aikinta. Apron Star ɗin, saboda wani sinadarin da aka haɗa masa, yana kuma maganin burtuntunar dawa da ke bin iri, amma ba ya hana baƙin da ke shiga kan gero ta iska lokacin bununi. Iri da aka wanke guba ne, kada ragowarsa ya shiga tukunya ko gaban kaji.

Baɗi kada ka ɗibi iri a rumbun nan. Ka sayi sabo daga dillali mai rajista, a buhu mai hatimin hukumar iri ta ƙasa, kuma ka riƙa sabuntawa duk bayan damina uku. A tsakani, in za ka ajiye naka, ka zaɓe shi tun gero yana tsaye, daga tsakiyar gona ba gefe ba, daga tushen da duk rassansa lafiya suke, kuma kai da yawa, ɗari biyu ko fiye. Wanda ya zaɓi kai goma mafi kyau ya yar da rabin dogaran da ke cikin irin bai sani ba. Tun daga cirar gero har ya yi wata guda, duk tushen da ka ga ganyensa ya yi ɗorawa daga gindi da farin gari a bayansa, ka tuge shi da safe ka fitar da shi ka ƙona. Kutaren bana ma kada su kwana a gona, kuma kada a zuba wa dabbobin da takinsu zai koma can. Ɓangaren da ya fi kamuwa ka ba shi wake ko gyada damina ɗaya ko biyu. Ba zai share ƙasar ba, amma zai rage.

Shawarar da wasu abokan aikina ba sa so in na bayar ita ce kada ka yar da irin gida gaba ɗaya. A lardin Yunan na ƙasar Sin an gwada shuka shinkafa iri biyu a haɗe a dubban kadada, rahoton da aka buga a 2000 ya nuna ƙunar shinkafa ta ragu da kashi 94 cikin 100 a kan irin da ke saurin kamuwa. Kakanninmu da ke haɗa gero, dawa da wake a gona ɗaya wannan lissafin suke yi. Illa iyaka, in ka shuka na gida da na zamani kusa da juna, ka sani hatsin ci kake nomawa, ba iri ba.

In kana son a tabbatar da wanne ne cikin ukun, ka ajiye tiya ɗaya ta irin rumbunka. Baɗi ka shuka layi biyar nasa kusa da layi biyar na sabon da ka saya, suna ɗaya, rana ɗaya, duka ba magani, a wurin da ya fi kamuwa bana. Bayan wata guda ka ƙirga kutaren kowane. In sabon ya fita fes naka ya kamu, gauraya ce. In duka biyun sun kamu, ka yanko ganyen da kan, ka busar da su a inuwa, ka sa a ambulan na takarda ba leda ba, ka rubuta sunan ƙauyen da ranar shuka, ka kai wa malamin gonarku ya tura mana.